Ma'aikatan jinyar jarirai a Sabon Birni da Isa: nauyin da ke kansu da yadda ake auna aikinsu

Babu lokacin da ran ɗan Adam ya fi kusa da haɗari kamar kwanaki 28 na farko bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai miliyan 2.3 ne suka rasu a cikin waɗannan kwanaki a shekarar 2022, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na irin wannan mutuwa a makon farko take aukuwa, wato tun kafin a yanka ragon suna. Nijeriya ce ta biyu a yawan wannan rashi, bayan Indiya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 39 cikin kowane 1,000 da aka haifa da rai ba sa cika wata guda, na 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna 41. Alhali ƙudurin da ƙasashen duniya suka ɗauka shi ne adadin ya sauka zuwa 12 kafin 2030.

A Jihar Sakkwato lamarin ya fi haka tsanani, domin binciken 2018 ya gano matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, waɗanda ke gabashin jihar a ƙasar Gobir, suna da ƙarin nasu nauyin: nisa daga birnin Sakkwato, iyaka da Jamhuriyar Nijar da Jihar Zamfara, da hare-haren 'yan bindiga da suka tarwatsa ƙauyuka tun wajejen 2019. Ƙidayar 2006 ta ba Sabon Birni mutum sama da 200,000, Isa kuma kusan 150,000. A irin wannan wuri, ma'aikaciyar jinya guda ɗaya takan zama ita kaɗai ce mai ilimin lafiya da jariri zai gani a watansa na farko.

Su wa ke wannan aiki

A bakin jama'a duk wadda ta sa fararen kaya a asibiti "nas" ce ko "malamar asibiti", amma a doka rukuni-rukuni ne. Akwai ma'aikaciyar jinya mai rajista da ungozoma mai rajista, waɗanda Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ke ba lasisi. An kafa wannan hukuma da dokar soja mai lamba 89 ta 1979. Akwai ungozomar al'umma, wadda ake ɗauko ta daga ƙaramar hukumarta a horar da ita shekara biyu domin ta koma ta yi wa mutanenta aiki. Sai jami'an lafiya na matakin farko, waɗanda aka fi sani da CHEW, irin waɗanda kwalejin kimiyyar lafiya ta Gwadabawa ke yayewa. Su wata hukumar ce daban ke musu rajista.

A ƙa'ida, jaririn da ke cikin mawuyacin hali aikin ma'aikaciyar jinya ce da ta ƙara karatu a fannin yara, a sashe na musamman irin wanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A zahiri kuwa, daga babban asibitin Sabon Birni da na Isa zuwa ƙananan cibiyoyin mazaɓu, wanda yake bakin aiki shi ke karɓar jariri. Ganin haka ne gwamnatin tarayya ta fitar da manufar raba ayyuka a 2014, wadda ta yarda a horar da jami'an matakin farko su karɓi haihuwar da ba ta da tangarɗa, su farfaɗo da jaririn da bai yi numfashi ba. Saboda haka idan ana maganar mai jinyar jarirai a Gobir, waɗannan rukunai uku ake nufi.

Ƙarancinsu ba ɓoyayye ba ne. A farkon 2024 hukumar jinya ta ƙasa ta bayyana cewa ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku. Waɗanda suka rage kuma galibi birane suke so. Shirin tura ungozomomi karkara da aka fara a 2009, da matakin da gwamnatin Sakkwato ta sanar a 2025 na wajabta wa ma'aikatan lafiya zaman shekara biyu a karkara, duk ƙoƙari ne na cike wannan giɓi.

Minti na farko da sa'a ta farko

Aikin yana farawa tun kafin jariri ya faɗo. Mai jinya za ta tanadi ɗaki mai ɗumi wanda iska ba ta ratsawa, tsummoki biyu busassu masu tsabta, almakashi ko reza da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, abin ɗaure cibiya, da jakar hura iska tare da marufin fuska, ta kuma gwada ta tabbatar jakar tana aiki.

Da zarar ya fito sai ta goge shi sosai, ta jefar da jiƙaƙƙen tsumma, ta duba ko yana kuka. In bai yi numfashi ba bayan an goge shi an shafa bayansa, dole ta fara hura masa iska da jaka kafin minti ɗaya ya cika. Wannan shi ne ginshiƙin horon farfaɗo da jarirai da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da abokan aikinta suka ƙaddamar a 2010, wanda Nijeriya ta shigar cikin horon ma'aikatanta. Mafi yawan jariran da ke fitowa a sume iska kawai suke buƙata, ba allura ko wata babbar na'ura ba. Juya jariri a kife ana marin ƙafafunsa, ko yayyafa masa ruwan sanyi, ɓata lokaci ne mai iya jawo lahani a ƙwaƙwalwa.

In yana numfashi lafiya, sai a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare, a sa masa hula. Ana jinkirta yanke cibiya minti ɗaya zuwa uku domin jinin mabiyiya ya ƙarasa shiga jikinsa. A minti na ɗaya da na biyar mai jinya za ta rubuta makin Apgar, ma'aunin da likita Virginia Apgar ta Amurka ta ƙirƙiro a 1952, mai duba abu biyar: bugun zuciya, numfashi, ƙarfin gaɓɓai, motsi idan an taɓa shi, da launin fata. Kowanne yana da maki daga sifili zuwa biyu.

Kafin sa'a guda ta wuce ya kamata jariri ya kama nono. Bayan nan sai awon nauyi da na zafin jiki, allurar bitamin K mai hana zubar jini, maganin ido, da man kuloheksidin a cibiya. Wanka kuwa a jinkirta shi har sa'a 24. Zafin jikin jariri lafiyayye yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba a wannan yanki ya isa ya saukar da zafin jikin sabon haihuwa cikin 'yan mintoci, musamman in an yi gaggawar wanke shi.

Bakwaini da jariri marar lafiya

Abubuwa uku ne ke kashe mafi yawan jarirai: haihuwa kafin lokaci, shaƙewa yayin naƙuda, da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Duk jaririn da aka haifa kafin mako 37, ko wanda nauyinsa bai kai giram 2,500 ba, yana buƙatar kulawa ta daban.

Jama'a sun saba jin cewa bakwaini sai kwalba. Kwalba kuwa tana son wutar lantarki da ba ta yankewa, abin da ke da wuya a asibitin karkara. Hanyar da ta dace da wuri irin Gatawa ko ƙauyukan Isa ita ce goyon ƙirji, wanda likita Edgar Rey ya fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978: a ɗaura jariri tsirara, daga shi sai kunzugu da hula, a tsakanin nonon uwa, sa'o'i da yawa kowace rana, ana ba shi nono zalla. Wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2021, wanda aka yi a Ile-Ife da asibitocin Gana da Indiya da Malawi da Tanzaniya, ya nuna fara wannan goyo nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da hakan shawararta ga dukan ƙasashe. Aikin mai jinya a nan shi ne koya wa uwa ɗaurin, da tatsar nono a ba shi da ɗan kofi in ba ya iya tsotso, da awon nauyinsa kullum. Uba ko kaka ma suna iya karɓar goyon domin mai jego ta huta.

Ana kuma sa ran mai jinya ta haddace alamomin haɗari kamar yadda ta san sunanta: ƙin shan nono, jijjiga, numfashi 60 ko fiye a minti guda, lotsawar ƙirji sosai, zazzaɓi ko sanyin jiki, rashin motsi sai an taɓa shi, da shawara da ta bayyana a ranar farko ko ta kai tafin hannu da na ƙafa. Ganin ɗaya daga ciki yana nufin a ba da allurar farko a tura shi babban asibiti, a ƙirjin uwarsa, da takardar bayanin abin da aka yi masa.

To, idan hanya ba ta biyuwa fa? Wannan tambaya ce ta yau da kullum a Sabon Birni da Isa, inda tafiyar dare zuwa Goronyo ko Shinkafi kan zama sayar da rai. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida domin irin wannan hali, bisa gwaje-gwajen da aka yi a Zariya da Ibadan da Ile-Ife da Kenya da Kwango. Ƙa'idar ta yarda ma'aikacin da aka horar ya yi wa wasu daga cikin jariran magani a ƙaramar cibiya da allurar jentamisin da amoksisilin na sha, yana bibiyarsu a ranakun da aka tsara. Ba ta shafi jaririn da ya riga ya galabaita ba, kamar mai jijjiga ko wanda ya daina shan komai. Shi dole a nema masa hanya.

Aikin da ya wuce bangon asibiti

Tunda mafi yawan haihuwa a ɗaki ake yin ta, a hannun ungozomar gargajiya ko uwar miji, rabin aikin mai jinya magana ce da mutane. Ƙa'ida ta tanadi a duba mai jego da jaririnta sau huɗu: cikin sa'a 24, a rana ta uku, tsakanin rana ta 7 da ta 14, sannan a mako na shida. Yawancin waɗannan ranaku suna faɗawa cikin kwana arba'in na wankan jego, lokacin da ba a cika barin mace ta fita ba, wata ma tana can gidan iyayenta goyon ciki. Mai jinyar da ta zauna jiran a kawo mata jariri ba za ta ga da yawa ba.

Akwai al'adun da take fuskanta kai tsaye. Zubar da dakashi, wato nonon farko mai kauri, bisa zaton yana da dauɗa, yana hana jariri kariyarsa ta farko. Gasa cibiya da tsumma mai zafi, ko shafa mata man goge haƙori da makamantansu, ƙofa ce ga cutar tetanus da ruɓewar cibiya. Cire beli da wanzami ke yi a makon farko kan jawo zubar jini. Ɗura wa jariri ruwa ko jiƙo kafin wata shida yana kawo gudawa. Gogaggiyar ma'aikaciya ta san faɗa ba ya sauya waɗannan. Zama da kakanni da ungozomomi da wanzamai da limamai shi ke yi.

Sakkwato tana da tarihi a wannan fanni. A 2013 ta zama jiha ta farko a Nijeriya da ta raba man kuloheksidin na cibiya tare da ƙwayar misofurostol mai tsayar da jinin haihuwa har cikin gidaje, ta hannun kwamitocin raya mazaɓu, da tallafin wani shiri na hukumar raya ƙasashe ta Amurka. Daga baya gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin faɗaɗa amfani da man a faɗin ƙasa a 2016.

Sai rigakafi. A ranar haihuwa ana ba da allurar tarin fuka, ɗigon shan inna da allurar ciwon hanta. A mako na 6 da na 10 da na 14 ana ba da allurar nan mai kare cututtuka biyar, wadda ake kira fenta, tare da sauran abokanta. A wata tara sai ta ƙyanda da ta shawara. Binciken 2016 zuwa 2017 ya gano kashi 3 cikin 100 kacal na yaran Sakkwato ne suka sami fenta ta uku, mafi ƙanƙanta a ƙasar a lokacin.

Yadda ake auna aikin

Masana ingancin aikin lafiya suna bin rabon da Avedis Donabedian ya yi a 1966, wanda ya kasa awo gida uku: abin da aka tanada, abin da aka aikata, da abin da ya biyo baya.

Gida na farko yana tambayar ko akwai kayan aiki: jakar hura iska, sikeli, ma'aunin zafi, ruwa da sabulu, haske da dare, firjin allurai mai aiki da hasken rana, oksijin, da yawan ma'aikata a kowane zagayen aiki. A Birtaniya ƙa'idar likitocin jarirai ita ce mai jinya ɗaya ga jariri ɗaya a ɗakin masu tsananin ciwo, ɗaya ga biyu a na tsakiya, ɗaya ga huɗu a na masu sauƙi. Wani bincike a asibitocin Nairobi da aka buga a 2020 ya gano ma'aikatan jinya suna kammala kimanin kashi 60 cikin 100 ne kawai na abin da ya kamata a yi wa kowane jariri, kuma gwargwadon yawan jarirai a hannun mutum ɗaya, gwargwadon abin da ake tsallakewa. Wannan gida yana auna gwamnati ne, ba ma'aikaciya ba.

Gida na biyu shi ne ya fi nuna hannun mai jinya. Cikin jariran da aka haifa a cibiyar, nawa aka auna nauyinsu aka rubuta? Nawa suka kama nono a sa'ar farko? Cikin waɗanda ba su yi numfashi ba, nawa aka hura wa iska? Cikin masu ƙarancin nauyi, nawa aka fara wa goyon ƙirji? Nawa aka sake gani cikin kwana biyu? A rigakafi ana duba tazarar da ke tsakanin fenta ta farko da ta uku. Misali, in yara 100 sun karɓi ta farko, 82 suka dawo ta uku, an yi asarar kashi 18. Duk abin da ya haura kashi 10 alama ce ta matsala. Waɗannan alƙaluma daga rajistocin cibiya ake tattara su kowane wata, a miƙa wa jami'in ƙaramar hukuma, ya shigar da su rumbun bayanai na ƙasa mai suna DHIS2.

Gida na uku shi ne sakamako: nawa suka rasu kafin sallama, a wane nauyi, kuma a rana ta nawa. Ana kuma rarrabe jaririn da ya fito ba rai da sabuwar fata, wanda ke nuna a lokacin naƙuda ya rasu, da wanda fatarsa ta saɓule, wanda ke nuna ya kwana biyu da rasuwa a ciki. Na farkon yana sa a binciki ɗakin haihuwa, na biyun kuma awon ciki.

Rajista ba ta nuna ko an iya aikin. Shi ya sa ake haɗawa da ziyarar masu sa ido, waɗanda ke kallon ma'aikaciya tana aiki ko su ba ta 'yar tsana ta nuna yadda za ta farfaɗo da jariri, suna bin takardar matakai ɗaya bayan ɗaya. Hura iska da jaka ƙwarewa ce da ke dusashewa cikin watanni in ba a maimaita ta. Hukumar jinya ma ba ta sabunta lasisi sai da shaidar ƙarin horo. Fom ɗin auna ƙwazo na shekara-shekara da aka saba cikawa a aikin gwamnati kuwa, ya fi duba halayya da zuwa aiki a kan lokaci. Da wuya ya tambayi jarirai nawa aka ceto.

Inda alƙaluma ke yaudara

A yankin da ke fama da tashin hankali, awon da ba a yi shi da lura ba zalunci ne. Ana lissafa yawan rigakafi ne a kan ƙiyasin mutanen mazaɓa, wanda ya samo asali daga ƙidayar 2006. Bayan harin Mayun 2020 da ya ci rayuka sama da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, da waɗanda suka biyo baya, dubban mutane sun koma cikin gari ko sun tsallaka Gidan Rumji da sauran sassan jihar Maraɗi. Cibiyar ƙauyen da ya watse za ta bayyana kamar ba ta aiki, ta cikin gari kuma tana iya wuce kashi 100, alhali babu wadda ta fi wata himma. Jaririn da aka yi wa allurar farko a Sabon Birni, ta uku kuma a Nijar, a takarda ya ɓace. Haka wanda aka kai asibitin Shinkafi, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa sashen yara, lissafinsa Zamfara zai tafi.

Lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar a Satumbar 2021, har da waɗannan biyu, kiran mota da tura rahoto duk sun tsaya. Giɓin da irin wannan yanayi ke bari a rumbun bayanai ba shaidar lalaci ba ce.

Yawan mutuwa ma yana ruɗarwa. Asibitin da ake kai wa jarirai bayan an gama gwada na gida zai fi kowa rasa su. In aka ce za a hukunta ma'aikaciya a kan wannan adadi, abu biyu za su faru: za ta riƙa korar marasa lafiya da wuri, ko ta rubuta jaririn da ya yi numfashi ya rasu a matsayin wanda ya fito ba rai. Wannan ne dalilin da ya sa tsarin bitar mutuwar mata masu haihuwa da jarirai, wanda Nijeriya ta fitar da ƙa'idojinsa a 2015, ya ginu a kan rashin ambaton suna da rashin ɗora laifi. Tambayarsa ita ce ina aka yi jinkiri: a gida wajen yanke shawara, a hanya, ko bayan an iso asibiti.

Wa ke da alhakin sa ido

Ƙananan cibiyoyi suna ƙarƙashin hukumar lafiya a matakin farko ta jiha, manyan asibitoci kuma ƙarƙashin hukumar kula da asibitoci. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake nufin ya kai ga cibiya ɗaya aƙalla a kowace mazaɓa. Sakkwato tana da mazaɓu 244. Shugaban kwamitin raya mazaɓa yana cikin masu sa hannu a asusun cibiyar, don haka yana da hurumin tambayar me aka saya da kuɗin. A Nuwambar 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ƙaddamar da wani shiri na rage mutuwar mata da jarirai a ƙananan hukumomi 172 da abin ya fi ƙamari, wanda shi ma da irin waɗannan alƙaluma za a gane ko ya yi tasiri.

Iyali ma suna da nasu awon, ba sai da takardar makaranta ba. Kafin a baro asibiti, uba ko kaka na iya tambaya ko an auna nauyin jariri kuma nawa ne, ko an shafa man cibiya an kuma ba su na gida, ko an yi allurai uku na ranar haihuwa an rubuta a kati, wace rana za a dawo, da alamomin da in an gani za a taho ko da tsakar dare ne. Ma'aikaciyar da ta san aikinta tana da amsar kowace ɗaya.